Tafin Hannuna a Gindin Tukunya

Da tukwane biyar na sauka Yamai, kuma su mutanen tashar Wadata suka fara gani kafin su gan ni. A saman mota aka ɗaure su, ƙarama cikin babba, tun daga Zariya har Sakkwato, har Ƙwanni, har Doso, kowane shinge muka zo sai an ce a sauke a ga abin da ke ciki. Babu komai sai zannuwana da muciya da ludaya. Wani jandarma a Doso ya leƙa cikin babbar ya ce, "Madam, wagga ai ta isa dahwa mutum." Na ce sa guda dai ta taɓa dafawa, mutum kam ba ta taɓa ba. Ban san akwai ranar da zan so a ce ta taɓa ba.

Sunana Lantana. Girkin biki ne sana'ata, kuma wurin Inna na gaje shi tare da tukwanen. Na dalma ne, irin na zubi, masu nauyin da sai mutum biyu ke ɗaga babbar. Bayan rasuwar mijina aiki ya yi ƙasa a Zariya, ga yara biyu. A wani biki na haɗu da Hajiya Mariyama, mutuniyar Maraɗi da ta daɗe zaune a Zongon Yamai tana karɓar kwangilar abincin biki. Ta ci shinkafar da na dafa, ta biyo ni har bakin murhu ta riƙe mini hannu. Ta ce a Yamai biki ba ya yankewa, masu hannu irin nawa ne babu, in zo mu haɗa gwiwa. Na bar yara wurin yayata, na ɗauko tukwanen Inna na bi ta.

A Zongo ta ba ni ɗaki kusa da sito, mai ƙofa ba taga. Ban damu ba, don ba barci ya kawo ni ba. Aiki kuwa gaskiyarta, akwai shi. Yau suna, gobe aure, jibi walimar alhazai. Ni ke tsaye a bakin wuta, ita ke tsaye a bakin ƙofa tana karɓar godiya. Hajiya mace ce mai son jikinta. Lalle ba ya barin hannunta, awarwaro har gwiwar hannu, idan hayaƙi ya biyo ta wajenta sai ta toshe hanci da mayafi ta ce a matsar mata da kujera. Ban taɓa ganin ta taɓa tukunya ba, ko da murfi.

Ni kuma ina da wata ɗabi'a da na koya wurin Inna, wadda 'yan aikin gidan suka mayar abin dariya. Ba na barin kowa ya wanke mini tukunya. In an gama aiki ni nake wankewa a bayan sito, in kwaɓa laka da toka in shafe gindinta da kauri tun kafin ta bushe. Haka baƙin wuta ba ya kama ƙarfen, a kan lakar yake tsayawa. Su a ganinsu ƙauyanci ne. Hajiya ma takan ce, "'Yar Najeriya da wasan laka, kamar ɗiyan goye."

Kewar gida ta fi damuna ranakun da babu aiki. In fita waje, wannan na Zabarmanci, wancan na Faransanci, masu Hausar ma sai na kasa kunne sosai. In na kira yayata, autana ya karɓi waya ya ce, "Umma, yaushe?" Sai in ce masa ya bari in tara abin makaranta. Abin da Hajiya ke ba ni bayan kowane aiki ba ya kai yadda muka yi magana a Zariya, amma na ce baƙo ba ya fara zama da ƙorafi.

Abin da ya ɓata mu ba wani abu ba ne, abinci ne ya yi daɗi. Mata suka fara tambaya a wurin biki, "Ina 'yar Najeriyar nan?" Wata rana matar wani ma'aikacin gwamnati, mutuniyar Tawa, ta wuce Hajiya a zaune ta zo bakin murhu ta karɓi lambar wayata. Washegari da hantsi na dawo daga cefane na tarar da ƙullin kayana a ƙofar gida, Hajiya na zaune a tsakar gida da ƙawayenta.

Ta ce, "Lantana, gidan ga ba shi ɗaukar masu gida biyu. Kwashi kayanki ki tahi."

Na ce, "To, Hajiya, na gode da zama. A fito mini da tukwanena."

Ta dubi ƙawayenta, ta dube ni. "Waɗanne tukwane? Ke kin taho da tukunya garin ga?" Ta juya wajen 'yan aiki. "Ku, kun ga ta zo da tukunya?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Yaran nan su suka taya ni sauke su daga kura ranar da na zo. Na yi ihu, na yi rantsuwa, na kama ƙofar sito ina jijjigawa, maigadi ya ɓamɓare mini hannu ya tura ni waje. Ƙawayen Hajiya suna dariya har da tafawa. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, 'yarta Rabi, wadda ke da ƙaramin ciki a lokacin. Ta biyo ni lungu ta miƙo mini takalmana da na bari da guntun burodi, ta koma. A lungun nan na yi wa kaina alkawari: matan da suka ga fitata, sai sun ga dawowata.

Na yi abin da duk mutumin garinmu zai yi, na nufi 'yan sanda. A komisariya wani mai igiya biyu ya saurare ni yana wasa da biro.

"Ta hwasa miki ɗaki ta ɗauka?"

"A'a."

"Ke kinka kai su gidanta da ƙahwakki?"

"E."

"To wagga ba tamu ba ce, Madam. Tahi jastis."

Ban san mene ne jastis ba, kuma kunya ta hana ni tambaya. Na fito ina tafiya kawai, ƙulli a kai, har na tsinci kaina a wajen kasuwar Petit Marché, cikin masu tumatir da masu nama. Ƙafafuna suka gaji na zauna a gefen wata mai sayar da kopto, wato dafaffen zogale da ƙuli. Bazabarma ce, baƙa doguwa, sunanta Hamsatu. Ta dube ni sau biyu, ta zuba mini kopto a leda ta miƙo da ruwa.

"Ci. Kai ɗan Najeriya ne?"

Hausarta kenan, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Na fara ba ta labari sai kuka ya ƙwace mini. Ta bari na gama, ta ce, "Kala suru," wato sai haƙuri. Sannan ta ƙara da abin da ya fi haƙurin amfani. Ita ma ta taɓa kai wani kotu a kan teburinta da ya karya da babur, kuma ta ci. Jastis ɗin kotu ce. Akwai ƙarama a kowane yanki na gari, ta ƙananan rigingimu, ba a bukatar lauya, da bakinka za ka faɗi abin da aka yi maka. A ɗakinta na kwana daren nan, da sauran dararen da suka biyo.

Da na faɗa mata hujjar da nake da ita a kan tukwanen, sai ta toshe mini baki da hannunta mai warin albasa. "Kada ka hwaɗa ma kowa. Ko mai unguwa. In Hajiya ya ji, ya kai ma maƙeri ya goge. Gaban alƙali kawai."

Wurin mai unguwa muka fara, don an fi son a gwada sulhu a gida kafin a je kotu. Dattijo ne mai fara'a, kuma na gane shi nan take, don ni na sha zuba abincin da ake aika masa daga gidan Hajiya. Ya saurare mu, ya shafa gemu ya ce, "Ɗiyata, ke baƙuwa ce. Hajiya ta yarda ta ba ki kuɗɗin mota ki koma ma ɗiyanki. Mi ya hi wannan?" Na ce, "Baba, da tukwane na zo, da tukwane zan koma." Fara'ar ta ragu. Ya sa aka rubuta cewa sulhu bai yiwu ba, ya ce in je inda nake ganin za a fi shi adalci.

Kotun ba ta yi kama da wadda nake gani a talabijin ba. Gini ne gajere, da benci a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya. A bencin na zauna da wani da aka sayar wa rago mai ciwo, da tela da matar da ya ɓata wa shadda, da mai gida da ɗan haya suna zaune kusa da juna ba mai kallon wani. Magatakarda, wanda suke kira garfiye, ya tambaye ni sunana, inda nake kwana, wa nake ƙara, me nake nema. Ina faɗa da Hausa yana rubutawa da Faransanci. Ya ce, "Kuɗɗinsu kike so ko su?" Na ce su. Na sayar da atamfata ɗaya na biya abin da ake biya na buɗe ƙara, aka ba da sammaci aka kai wa Hajiya ta hannun mai unguwa.

Ranar farko ba ta zo ba. Ta aiko a ce ba ta da lafiya. Ni kuwa na san inda take, don Hamsatu ta ji a kasuwa: tana wani aure a Wadata, ana dafa shinkafa a tukwanen Inna. Na wuni a benci ina haɗiyar zuciya. Aka sake aika sammaci, wannan karon da gargaɗin cewa in ba ta zo ba za a yanke hukunci ba ta nan.

Ta zo kuwa, cikin leshi da turare, da ƙawaye biyu a bayanta. Alƙalin matashi ne siriri mai tabarau, Hausarsa ta Damagaram. A ofishinsa ya fara ganinmu, ya ce aikinsa na farko shi ne ya shirya mu, in ya gagara sannan ya yi hukunci. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ranka shi daɗe, ni don Allah na riƙe ta. Amma ina da tsohin tukwane biyu, in ba ta sadaka ta tahi." Kalmar sadakar nan har yau ban manta ta ba. Na ce ban zo bara ba.

Alƙali ya juyo gare ni. "Wanda ya ce abu nasa ne, shi ke kawo hujja. Kina da takardar saye?"

"Ranka ya daɗe, tun ina yarinya aka zuba su."

"Shaidu?"

"Waɗanda suka gani, abincinta suke ci."

"To me kike da shi?"

Na ce a kawo tukwanen, hujjata tana jikinsu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗaga zaman, ya umarci Hajiya ta zo da su.

Da ranar ta zo, ƙaramar kawai ta kawo, wai sauran suna wurin haya. Da ƙyar na gane ta. Tun fitata babu wanda ya shafa mata laka, babu wanda ya kankare ta. Baƙi ya hau kan tsohuwar lakata ya yi ɓawo. Aka kife ta a tsakar kotu, mutanen benci suka matso.

Alƙali ya ce, "Hajiya, tukunyarki ce. Mene ne a gindinta?"

Ta yi 'yar dariya. "Baƙi mana, ranka shi daɗe. Mi ka zama gindin tukunya in ba baƙi ba?"

"In an wanke baƙin fa?"

"Dalma. Sumul."

Ya sa garfiye ya rubuta, sannan ya ce in faɗi nawa. Na ce ranar da Inna ta je wurin maƙera a zuba mata tukwanen nan, da ni ta je, ban ko fara makaranta ba. Maƙerin ya gama shirya ƙasar zubi, sai Inna ta ce tana son alama, don tukwanen biki yawo suke yi gida-gida. Ya kama hannuna na dama ya danna a cikin ƙasar, kowace tukunya sau ɗaya. Da aka zuba narkakkiyar dalma, tafin hannuna ya fito a gindin kowacce.

Aka kawo ruwa da yashi. Ni da Hamsatu muka durƙusa muna kankara. Babban yatsa ne ya fara fitowa, sannan sauran, ƙanana, a buɗe. Mai ragon nan ya ce, "Allahu akbar!" Ni kuwa Inna na gani tsaye tana riƙe mini mayafina kada ya taɓa wuta.

Alƙali ya yanke cewa duka biyar nawa ne. Ƙaramar aka ba ni nan take, sauran huɗun aka ba Hajiya wa'adi ta mayar. Na ɗauka an gama. Garfiye ne ya wayar mini da kai: sai lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce a ba ni takardar hukunci mai hatimi, kuma kotu ba ta zuwa gidan kowa ta ɗauko maka kaya. In mutum ya ƙi, sai ka ɗauki wisiye, jami'in da ke zartar da hukunci, kuma kai za ka fara biyansa. Hajiya ta san wannan sarai. Wa'adi ya zo ya wuce ko murfi ba ta aiko ba. Saƙo dai ta aiko ta bakin wata: mai kwana a ɗakin mai kopto ta ga yadda za ta ɗauki wisiye.

Da ƙaramar tukunyar na rama. Na kafa murhu kusa da Hamsatu ina dafa shinkafa da wake, 'yan dako da masu kabu-kabu suka san ni. Damina ta wuce a haka. Abin wisiye ya taru, Hamsatu ta ce mu je gobe. Na ce a'a. Na naɗe takardar hukunci a leda na sa a ƙasan akwati, ina jira. Ba ranar banza nake so ba, wadda za a miƙo mini tukwane ta ƙofar baya ba wanda ya gani.

Sai ga labari a kasuwa: Rabi ta haihu, namiji, jikan Hajiya na fari. An sayi sa, an gayyaci rabin Zongo da dangi daga Maraɗi. Sunan kuma ya faɗo ranar aiki, ranar da wisiye ke fita.

Da hantsi muka isa, ni da Hamsatu da wisiye da jakarsa, da masu kura biyu a baya. An riga an raɗa suna, maza sun watse, gida ya cika da mata maƙil. Tukwanena huɗu suna kan wuta a jere, nama na tafasa a babbar. Maigadin da ya tura ni waje ya ga wisiye ya matsa gefe da kansa. Wisiye ya tsaya a tsakar gida ya karanta takarda da Faransanci, ya maimaita da Hausa da ƙarfi, ya ce a juye abin da ke ciki a ba mai kaya kayanta.

Na bi fuskokin matan nan ɗaya bayan ɗaya. Duk waɗanda suka tafa ranar nan suna nan. Ba mai tafawa yanzu.

Hajiya ta taso, sabon lalle har wuyan hannu, ta ja ni gefe. "Lantana, ki ruhwa mini asiri, Allah shi ruhwa miki. Ina ni ka samun tukunya yanzu? Baƙi sun taho tun daga Maraɗi."

Na ce, "Hajiya, waɗanne tukwane? Ni na zo da tukunya garin nan?"

Hamsatu ta taɓa ni ta ce, "Kala suru." Ban yi niyyar haƙuri ba, wallahi. Na so in ga naman nan a ƙasa. Amma na ɗaga kai sai na hango Rabi a ƙofar ɗaki da jariri a kafaɗa, tana kallona kamar yadda ta kalle ni a lungu. Ita ba ta ci mini komai ba, kuma sunan ɗanta ne.

Na ce wa wisiye a bar abinci ya dahu, amma da sharaɗi biyu. Hajiya ta faɗa da bakinta a gaban matan nan ko tukwanen wa ne. Kuma in an kwashe, ita za ta wanke su da hannunta, a ƙofar gida, har sai alamata ta fito. Wisiye ya ce wannan ba ya cikin hukunci, sai dai in yarjejeniya ce tsakaninmu. Na ce to a juye. Hajiya ta ce, "Na yarda." Ya rubuta, ta sa hannu.

Ta faɗa, a hankali. Wata tsohuwa daga cikin baƙin Maraɗi, Allah ya saka mata, ta ce ba ta ji ba. Hajiya ta sake faɗa da ƙarfi: "Na Lantana ne."

Aka ba ni kujera irin ta manyan baƙi, aka kawo mini faranti. Gishiri ya yi yawa a miyar, na kuma faɗa. Bayan la'asar aka fito da tukwanen ƙofar gida aka kife. Babu wadda ta tafi gida, har maƙwabta sun fito. Hajiya ta cire awarwaronta ɗaya bayan ɗaya ta ba wata ta riƙe, ta ɗaure zani, ta durƙusa a gaban babbar da yashi da soso. Baƙin wata da watanni ne, ba ya fita da wasa. Ta kankara har gumi ya wanke mata kwalli, lallen ya ɓace a ƙarƙashin baƙi. Ta tsaya tana haki ta ce ta gama. Na leƙa na ce ban ga ɗan ƙaramin yatsa ba. Ta ci gaba.

Da ya fito duka, na tashi na zuba ruwa a kai, na ɗora tafina a kan ɗan tafin nan. Ya ɓace a cikin hannuna gaba ɗaya, ƙarfen da ɗumi kamar yanzu aka sauke shi. Na daɗe a haka.

Hajiya ta ɗago ta dube ni, hannuwanta baƙi ƙirin har gwiwa.

Na koma kujerata na zauna, na ce, "Saura uku."